Yadda Kamfanin Cacar Intanet Zai Bi Doka Kafin Ya Karɓi Kuɗin Mutanen Kaduna

Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a wata ƙara da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar tun shekarar 2008, inda alƙalai bakwai suka yi ittifaƙi cewa kundin tsarin mulki bai ba Majalisar Tarayya ikon yin doka a kan caca da wasannin sa'a a cikin jihohi ba. Sakamakon haka, dokar caca ta ƙasa ta 2005 ta koma tana aiki a Babban Birnin Tarayya kaɗai, kuma lasisin hukumar kula da caca ta ƙasa, NLRC, wanda kamfanoni suka daɗe suna nunawa a matsayin izinin aiki a faɗin ƙasa, ya daina wadatarwa da zarar an fita daga iyakar Abuja. Tun daga ranar kowace jiha ta zama kasuwa mai cin gashin kanta, da dokarta da hukumarta da harajinta, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin mutumin Kakuri ko na Kafanchan ta waya, Jihar Kaduna ce ke da ikon tambayarsa hujjarsa.

Ya kamata in bayyana matsayina tun da wuri. Caca haramun ce a Musulunci da nassin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, malaman Kirista da yawa ma suna hana mabiyansu ita, kuma ba na ba kowa shawarar ya zuba dukiyarsa a ciki, ko yana bugawa ko yana da hannun jari. Sai dai kamfanonin nan sun riga sun shigo, suna cikin wayar direban keke napep da ɗalibin jami'a da ma'aikacin gwamnati, kuma muddin suna nan, wajibi ne lauyan da za su ɗauka, da akantan da zai riƙe musu littafi, da jami'in haraji, da ɗan jarida, da uban da ya ga tikitin caca a aljihun ɗansa, duk su san ma'aunin da doka ta ajiye musu. A fahimtata, ana gane kamfanin da ke bin doka ne ta wurin mutanen da yake mayarwa: yaron da bai kai ba, wanda ke zaune a jihar da ta hana, mai kuɗin da ba a san tushensu ba, da wanda cacar ta riga ta fi ƙarfinsa. Yawancin matakan da ke tafe hanyoyi ne na gane waɗannan mutane huɗu da ƙin karɓar kuɗinsu.

Mataki na farko: a san inda doka ta buɗe ƙofa da inda ta rufe

Kafin a ɗauki ma'aikaci ko a sayi manhaja, sai lauyan kamfani ya zauna da jerin jihohi 36 da Abuja ya raba su gida uku: waɗanda ke da dokar caca da hukumar da ke ba da lasisi, kamar Legas da ta sabunta tata dokar a 2021, da waɗanda suka haramta ta, da waɗanda dokarsu ba ta ce komai a sarari game da cacar intanet ba. Kashi na uku ne ke yaudarar mutane, domin akwai masu ɗaukar shirun doka a matsayin izini, alhali kundin laifuka da Arewa ta gada ya daɗe da tanadin hukunci ga wanda ya buɗe gidan caca ba tare da izini ba.

Jihohi 12 na Arewa sun ɗauki shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka tun bayan da Zamfara ta fara a 1999, amma aiwatarwar ta sha bamban daga wannan jiha zuwa waccan. A Kano, Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a watan Oktoban 2024, bayan hukuncin Kotun Ƙoli kuma ta ce za ta ci gaba da samame. Kaduna tana cikin jihohin 12, sai dai tsarin da ta ɗauka a 2001 ya taƙaita hurumin kotunan shari'a a kan Musulmi, a ɗaya ɓangaren kuma dokar harajin jihar ta 2020 ta wajabta wa kamfanonin caca yin rajista da hukumar tattara kuɗin shiga ta KADIRS, wadda tun a shekarar ta fita ta garƙame shagunan da ba su yi ba. Wato a jiha guda akwai hukumar da ke karɓar haraji daga kamfanin, akwai kuma miliyoyin mazauna da addininsu ya haramta musu abin da yake sayarwa. Lauyan da ya rubuta wa kamfani ra'ayinsa bai taɓo wannan ba, bai gama aikinsa ba.

Daga nan sai a rubuta wa hukumar jihar wasiƙa, a lissafa mata kowane nau'in wasa da ake son gabatarwa, a nemi amsa a rubuce. Cacar ƙwallon da ake bugawa a fili daban, wasan kati da na inji a intanet daban, loto daban, ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna shi ma daban, kuma izinin ɗaya ba lallai ya rufe sauran ba. A 2025 ƙungiyar hukumomin caca na jihohi ta fito da takardar shaida guda da jihohin da suka shiga tsarin suka amince su karɓa, abin da ya rage wa kamfanoni zirga-zirga, amma takardar tana aiki ne a jihohin da suka sa hannu, don haka ba a ƙirga wata jiha a ciki sai hukumar jihar da kanta ta tabbatar.

Idan kamfanin ya riga ya fara karɓar kuɗin mazauna jihar kafin ya sami izini, ya dakata nan take, kuma ya faɗi gaskiyar hakan a takardar nemansa. Lokacin da ƙasar Holan ta buɗe kasuwarta ranar 1 ga Oktoba, 2021, manyan kamfanonin da suka yi shekaru suna hulɗa da 'yan ƙasar ba tare da lasisi ba sai da suka rufe suka jira watanni, wasu da suka kiyaye doka suka riga su shiga. Hukumar da ke sabon aiki takan so ta nuna tana da haƙora, kuma wanda ya ɓoye tarihinsa shi ta fi saurin kamawa.

Mataki na biyu: rajistar kamfani da bayyana masu shi

Wannan ɓangare a miƙe yake. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanin waje ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin kamfanin Najeriya kafin ya fara kasuwanci, kuma dole a bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko fiye. Idan akwai jarin waje, ana rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, a nemi izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a karɓi takardar shaidar shigo da jari daga banki, domin da ita ake fitar da riba daga baya. Yarjejeniyar hayar manhaja daga kamfanin waje kuwa hukumar kula da shigo da fasaha ta NOTAP ce ke mata rajista, kuma ba tare da wannan ba biyan kuɗin manhajar ta hanyar banki zai yi wuya.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne sunayen. Ajiye direba ko ƙanin mata a matsayin darakta domin ɓoye ainihin mai dukiya laifi ne da kan rushe lasisin gaba ɗaya ranar da ya fito fili, kuma lauyan da ya shirya takardun da saninsa shi ma ba zai tsira ba.

Mataki na uku: haɗa takardun neman lasisi

Hukumomin caca a ko'ina sukan nemi abubuwa masu kama da juna: tarihin daraktoci da shaidar cewa ba a taɓa kama su da zamba ba, bayanin tushen jarin, takardar shaidar biyan haraji, tsarin kasuwanci, dokokin kowane wasa, sharuɗɗan da mai bugawa zai amince da su, da lamunin banki da zai tsaya wa kuɗin waɗanda suka ci. A nemi jadawalin kuɗin lasisi da na sabuntawa a rubuce, a biya ta asusun gwamnati, a karɓi rasit na hukuma. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu zai hanzarta fayil, hanyar da za ta jawo wa kamfanin tuhumar cin hanci yake nunawa.

A wannan lokaci ne kuma ake naɗa jami'in bin ƙa'ida, kuma a nan ne kamfanoni da yawa ke yin wasa. Sukan ɗora aikin a kan ƙaramin ma'aikaci da ke ƙarƙashin shugaban sashen talla, wanda albashinsa ya dogara da yawan sababbin masu bugawa. Mutumin da zai ce a rufe asusun wanda ke zuba miliyoyi dole ya kasance yana kai rahoto kai tsaye ga hukumar daraktoci, da ikon dakatar da talla ko biya ba sai ya nemi yardar wanda hakan zai rage wa kwamisho ba.

Sabuwar kasuwa takan zo da tsada da sharuɗɗa masu tsauri, kuma gara mai jari ya san haka tun kafin ya tsoma ƙafa. Da Brazil ta fara nata tsarin ranar 1 ga Janairu, 2025, ta sa kuɗin lasisin shekara biyar a kan miliyan 30 na kuɗinta da ake kira real, ta tilasta wa kowane kamfani mai izini amfani da adireshin intanet da ya ƙare da bet.br domin jama'a su iya bambance shi da na bogi, ta hana amfani da katin bashi, ta kuma wajabta tantance fuskar mai rajista.

Mataki na huɗu: sanin wanda ke riƙe da wayar da inda yake tsaye

Wannan shi ne jigon aikin. Shekara 18 ita ce iyakar da dokokin caca a ƙasar nan suka sanya, kuma akwatin da mutum zai taɓa ya ce ya kai shekarun ba hujja ba ce a gaban kowace hukuma. Sai an karɓi lambar NIN ko ta BVN, a tantance ta ta hanyar kamfanin da ke da izinin yin hakan, a karanta ranar haihuwar da ke jikinta, domin yara ma ana ba su NIN, mallakarta kaɗai ba ta nuna balaga. Sannan a nemi mai rajistar ya ɗauki hoton fuskarsa a take a gwada da wanda ke rumbun bayanai. Dalilin wannan a fili yake ga duk wanda ya san gidajenmu: layin waya da sunan uwa aka yi masa rajista, asusun banki nata ne, amma da daddare wayar tana hannun ɗanta mai shekara 15, wanda ya haddace lambar sirrinta tun ranar da ta aike shi cire kuɗi wurin mai POS. Idan ba a ga fuska ba, kamfanin zai rubuta a littafinsa cewa mace mai shekara 45 ce ke buga wasan Laliga da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Lokacin tantancewar ma yana da muhimmanci. Ana yin ta ne kafin mutum ya zuba ko sisi. Wasu kamfanoni sukan karɓi kuɗi ba tambaya, sai ranar da mutum ya ci ya zo cirewa a ce ya kawo katin shaida da takardar wuta da hoton gida, a riƙe masa kuɗi makonni da fatan zai gaji ya sake bugawa da su. Hukumar caca ta Birtaniya ta hana wannan ɗabi'a tun watan Mayun 2019, inda ta ce ba za a nemi wani bayani a lokacin cire kuɗi ba matuƙar ana iya nemansa tun farko. A wurinmu kuma dokar kare haƙƙin masu saye da hukumar FCCPC ke aiwatarwa ta hana sharuɗɗan zalunci da yaudara, kuma riƙe wa mutum haƙƙinsa da irin wannan dabara yana iya faɗawa ciki.

Sanin inda mutum yake ya fi wuya, kuma hukuncin 2024 ya mayar da shi dole. A ɗauki matafiyin da ya hau mota a tashar Kawo zai tafi Kano. Yana wuce Zariya da Tashar Yari yana cikin Jihar Kaduna, da ya kai Kwanar Dangora ya shiga jihar da ba ta yarda da abin ba, wayar tana hannunsa, manhajar a buɗe. Wanda ya nufi Abuja ta mota kuwa zai ratsa wani yanki na Jihar Neja kafin ya shiga Babban Birnin Tarayya, ya bi ta ƙarƙashin dokoki uku cikin 'yan sa'o'i. Dogaro da adireshin intanet na wayar ba ya isa, domin layukan sadarwarmu sau da yawa sukan nuna mutum yana Legas ko Abuja alhali yana Tudun Wada. Abin da ya dace shi ne a haɗa hujjoji uku: adireshin da mutum ya bayar aka tantance, wurin da na'urar GPS ta wayarsa ta nuna bayan ya ba da izini, da manhajar da ke gano masu amfani da VPN, wato manhajar da ke sauya adireshin intanet, domin ɓoye inda suke. Idan hujjojin suka saɓa wa juna, a dakatar da wasan, a bar wa mutumin damar cire kuɗinsa kawai. Kowane irin binciken nan a adana shi da ranarsa da sa'arsa, saboda ranar da wata jiha ta yi ƙara, wannan rikodin ne zai tsaya wa kamfanin.

Mataki na biyar: toshe hanyar halasta kuɗin haram

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sanya gidajen caca, har da na intanet, cikin sana'o'in da dole su yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, kuma bankuna sukan nemi wannan takarda kafin su buɗe wa irin wannan kamfani asusu. Dokar ta wajabta kai rahoton duk hada-hadar da ta wuce Naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani cikin kwana bakwai, da kai rahoton hada-hadar da ake zargi ga hukumar tattara bayanan sirri kan kuɗi ta NFIU cikin sa'o'i 24 komai ƙanƙantar kuɗin, da adana bayanai na aƙalla shekara biyar. An kuma hana sanar da mutum cewa an kai rahotonsa, don haka sai a koya wa ma'aikatan da ke amsa waya abin da za su faɗa idan an riƙe wani asusu.

Alamomin da ake nema sanannu ne. Mutum ya zuba kuɗi masu yawa, ya buga kaɗan a wasan da kusan babu asara, ya nemi cire sauran domin su fito da sunan kuɗin da aka ci. Ko asusu biyu daga waya ɗaya, wannan ya zaɓi wannan ƙungiya wancan ya zaɓi waccan. Ko kuɗi su shigo daga asusun banki goma mabambanta su fita zuwa guda ɗaya. Ko a shago wani ya riƙa sayen tikitin da ya ci daga hannun mai shi da ɗan ƙari, domin ya sami takardar da zai nuna. Ƙa'ida ɗaya tana maganin rabin wannan: kuɗi su shigo daga asusun da ke ɗauke da sunan mai rajista, su koma wannan asusun, ba wani ba.

Ga mu mutanen Kaduna wannan mataki ya wuce cika fom. Jihar nan ta ga garkuwa da mutane a hanyar Abuja da Birnin Gwari, ta ga harin jirgin ƙasa na watan Maris ɗin 2022, kuma kuɗin fansar da iyalai suka sayar da gonaki suka haɗa dole suna neman hanyar da za su shiga banki. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta wajabta duba sunayen abokan hulɗa a jerin waɗanda kwamitin takunkumi na ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa takunkumi, kuma ana yin wannan duba a ranar rajista, a sake yi duk lokacin da jerin ya sauya. Masu riƙe da muƙaman siyasa da iyalansu ana ƙara musu bincike kan tushen kuɗinsu. Ƙungiyar FATF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram a duniya, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025, kuma hukumomin da suka sha wahalar fitar da ƙasar ba za su yi sassauci ga kamfanin da zai mayar da ita ba.

Mataki na shida: bayanan jama'a, gwajin na'ura da haraji

Kamfanin da ya tara NIN da hoton fuska da wurin zaman dubban mutane ya shiga ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Zai yi rajista, ya naɗa jami'in kare bayanai, ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, wanda duk ya fi yawa. A garin da fallasa sunan mutum a matsayin ɗan caca kan iya kashe masa aure ko raba shi da aiki, wannan amana ce mai nauyi.

Manhajar wasannin sai ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin su GLI ko BMM ko eCOGRA, ya tabbatar cewa sakamakonta na sa'a ne da gaske kuma tana biyan kason da aka yi alkawari, kuma duk sauyin da ya taɓa lissafin wasa yana buƙatar sabon gwaji.

A ɓangaren haraji, ƙa'idar cire haraji daga tushe da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025 ta sa a cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin ƙasa ya ci, kashi 15 daga wanda ba mazauni ba, kuma abin da aka cire daga mutum ɗaya hukumar harajin jihar da yake zaune ake miƙa wa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, don haka akanta ya sake auna kowane lissafi da su. Ba a raina rikicin haraji a wannan sana'a: a watan Yulin 2019 gwamnatin Kenya ta ƙi sabunta lasisin kamfanonin caca 27 tare da toshe lambobin da suke karɓar kuɗi da su ta waya, kasuwancinsu ya tsaya cik.

Mataki na bakwai: talla da shagunan ejan

Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta wajabta kai kowane talla a tantance shi kafin ya fita, har da wanda ɗan wasan barkwanci ko mawaƙi zai saka a TikTok ko Facebook da kuɗin kamfani. Bayan abin da hukuma za ta duba, akwai iyakar da nake ganin kamfani ya sa wa kansa. Kada a nuna caca a matsayin sana'a ko hanyar fita daga talauci a jihar da matasa ke yawo da takardun digiri. Kada a yi amfani da fuskar da yara ke kwaikwayo, abin da Holan ta hana a 2022, lardin Ontario na Kanada kuma ya hana amfani da 'yan wasa a 2024. Idan an yi tallan da Hausa, to gargaɗin da sharuɗɗan ma su zo da Hausa, da murya a rediyo, da rubutun da ido zai gani a allo. Kiran mutum da harshensa sannan a ɓoye masa sharaɗi cikin dogon Turanci cin amana ne, musamman sharaɗin garaɓasa, inda ake ce masa an ninka masa kuɗi ba a gaya masa sai ya juya su sau da yawa kafin ya iya cirewa ba.

Kamfanin intanet da ya ba ejan izinin buɗe shago da sunansa, laifin shagon nasa ne. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan shaguna a ranar Asabar ya san yadda suke: benci biyu, talabijin a bango, janareta na ƙara a ƙofa, ƙaramin inji yana fitar da tikiti, ƙasa cike da waɗanda aka yaga. Mai shagon kwamisho yake ci a kan kowane tikiti, don haka yaron da ya miƙo Naira ɗari biyu da rigar makaranta ba shi da mai korarsa sai idan yarjejeniyar ejan ta ce karɓar kuɗin yaro sau ɗaya ya isa a ƙwace izini, kuma kamfanin yana aika masu bincike ba tare da sanarwa ba. Wurin shagon ma a duba shi da kyau, a nisanta daga makaranta da masallaci da coci, a tabbatar hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta amince da yin kasuwanci a ginin. Kaduna gari ne da ya san abin da ƙaramar taƙaddamar addini kan haifar, kuma unguwar da mai unguwarta da limamanta suka ce ba sa so, a bar ta ko da takarda ta ba da dama.

Mataki na takwas: wanda cacar ta fi ƙarfinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin cututtukan da take ganewa, kuma kamfani ne kan fara ganin alamunta kafin iyalin mutum, tunda lissafin yana gabansa: zubi yana ƙaruwa bayan kowace asara, wasa har asuba, albashi ya shigo ranar 28 ya ƙare ranar 29, mutum ya nemi cire kuɗi ya soke ya sake bugawa. Dole manhajar ta ba kowa damar sa wa kansa iyakar abin da zai zuba a rana ko wata, rage iyakar ya fara aiki nan take, ƙara ta kuwa sai bayan jira. Dole a sami maɓallin da mutum zai rufe kansa na watanni ko har abada, kuma daga lokacin a daina aika masa saƙon talla, a hana shi sake rajista da wani layi ta hanyar NIN ɗinsa. Birtaniya tana da rajistar GAMSTOP, Holan tana da Cruks, inda rufewa sau ɗaya ke aiki a kan duk kamfanoni masu lasisi, kuma ya dace jiharmu ta nemi irin wannan. Kada a ba kowa bashi ya buga, kada kuma a haɗa manhajar da ta masu ba da rance. Ma'aikatan da ke amsa waya su san inda za su tura mutum, kuma a nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Idan mata ta kira ta ce mijinta ya sayar da keken ɗinkinta, dokar bayanai ta hana a gaya mata abin da ke asusunsa, amma ba ta hana a saurare ta a binciki asusun ba.

Bayan an fara aiki

Lasisi yana da wa'adi, kuma tsakanin karɓa da sabuntawa akwai rahotannin wata da na shekara, da binciken mai bincike na waje, da horar da ma'aikata, da sanar da hukuma duk lokacin da darakta ko babban mai hannun jari ya sauya. A buɗe littafin ƙorafi da ke nuna ranar da aka kawo kuka da ranar da aka warware shi. Kuɗin masu bugawa kuma a ajiye su a asusu na daban wanda ba a biyan albashi ko talla daga cikinsa, a daidaita lissafinsa kullum.

Sai shirin fita, wanda ake rubutawa tun ranar shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ikon da hukuncin 2024 ya ba jihohi na ba da lasisi shi ne kuma ikon hanawa, kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna tana iya sauya matsayinta a kowane zama. Takardar shirin ta fayyace wanda zai ba da umarnin dakatar da karɓar kuɗi, da yadda za a yi da tikitin da wasansu bai ƙare ba, da kwanakin da za a ɗauka kafin kowane mutum ya ga ragowar kuɗinsa a bankinsa, da inda za a adana bayanan shekara biyar da doka ta nema, da ranar da za a goge sauran. Kwafi ɗaya na takardar ya kasance a wurin hukumar jihar, ɗaya a wurin bankin da ke riƙe da asusun masu bugawa.